Naman Sa Ranar Juma'ar Azumi

Shekara talatin da ɗaya Dolores Kuzniar ta yi tana soya kifi a kicin ɗin da ke ƙarƙashin cocin Jami'ar Kostka, kowace Juma'a ta azumin da ke zuwa kafin bikin Ista, ranar da 'yan Katolika ba sa cin nama sai kifi, kuma a duk tsawon shekarun nan jami'ar ba ta taɓa rubuto mata wasiƙa ba. Saboda haka da ta ga ambulan mai tambarin jami'a a akwatin ƙofar gidanta, tun kafin ta farke ta san ba alheri ba ne. Jami'a ba ta rubuto wa mutum sai in tana son kuɗinsa, ko tana son ya matsa gefe.

Wasiƙar ta gode mata sau huɗu. Tsakanin godiya ta uku da ta huɗu ne aka sanar da ita cewa an rufe kicin, an soke kifin Juma'a. A madadinsa za a yi babbar liyafa guda ɗaya ta manyan masu ba da gudummawa, a sabon zauren Rademacher, ranar Juma'a goma sha huɗu ga Maris. Su kuma 'yan sa-kai masu daraja, in ji wasiƙar, za a ba su koren falmaran su tsaya bakin ƙofa suna yi wa baƙi maraba. Wanda ya sa hannu shi ne Brandt Ellery, mataimakin shugaba mai kula da bunƙasa jami'a.

Ta kira Marge Dembinski, wadda ta yi shekara ashirin da shida tana yanka kabeji a gefenta.

"Ke, kin samu taki?"

"Na samu," in ji Marge. "Wai koren falmaran. Ni da wannan ƙirar tawa? Sai a ɗauka kankana ce aka ajiye a bakin ƙofa."

"Ba za ki sa ba."

"To me za ki yi, Dolores? Kar ki ce mini za ki je ki yi musu rashin kunya."

"Zan je in yi godiya. Sau huɗu suka gode mini, ai ladabi ne in rama."

"Na shiga uku," in ji Marge. "Ki ci abinci kafin ki je, kin fi mugunta da yunwa."

Dolores ba ta taɓa zama a wani aji na jami'ar nan ba. Mijinta Stanley ne ya yi shekara ashirin da takwas yana kula da injin ɗumama ɗakunanta, har ya rasu. Limaman Jesuit da suka kafa makarantar sun kafa ta ne don 'ya'yan ma'aikatan masana'antar ƙarfe, kuma abin da kifin Juma'a ke tarawa da shi ake saya wa irin waɗannan ɗalibai littattafai da tikitin bas. 'Yarta ma da littattafan kuɗin kifi ta zama likitar haƙori. Dolores ba ta faɗar wannan a bainar jama'a, don ba ta son a ɗauka tana soya kifi ne saboda taushin zuciya.

Ofishin Mista Ellery yana hawa na uku, da kafet mai laushi da taga mai kallon tafki. Shi kuwa mutum ne mai fara'a, ɗan shekara talatin da 'yan kai, wanda ya yi irin wannan aiki a wani asibiti da wani gidan adana namun daji kafin ya zo nan a watan Agusta. A bangon bayansa an rubuta kalma ɗaya da manyan baƙaƙe: MAGIS.

"Misis Kuzniar! Ke ce ginshiƙin wurin nan, kowa ya gaya mini."

"Shi ya sa za a cire ni."

Ya yi dariya kamar ta ba shi kyauta. Ya nuna bango. "Kin san kalmar nan? Latin ce, taken 'yan Jesuit. Ma'anarta ƙari. Mu ƙara buri, mu ƙara girma. Kifin nan abu ne mai kyau, amma ƙarami ne. Dare ɗaya da manyan mutane ɗari da arba'in zai yi abin da kifi ba zai yi a shekara goma ba."

Yana magana, ita kuwa idonta na kan teburinsa. Akwai katin abincin liyafar, mai ruwan zinariya a gefe. Ta karanta shi a juye, abin da duk uwar da ta rene 'ya'ya ta iya. Miyar albasa da romon nama. Gasasshen naman sa. Babu zaɓi na biyu.

"Ranar Juma'a ce fa," in ji ta.

"Ƙwarai! Bincike ya nuna Juma'a ce mutane suka fi sakin hannu."

"Juma'ar azumi, yarona."

Ya karkatar da kai cikin tausayi. "Na sani, Misis Kuzniar. Ranar tana da wuri na musamman a zuciyarki. Sauyi yana da ciwo."

Ta dube shi. A garin nan ko mashaya ba ta sayar da nama ranar Juma'ar azumi. Mutanen da suka yi shekara ashirin ba su leƙa coci ba ma suna cin kifi, don tsoron abin da kakarsu za ta ce daga kabari. Shi kuwa ga shi zai ajiye naman sa a gaban tsofaffin ɗaliban makarantar Katolika ɗari da arba'in, da limamai a teburin gaba. Ta faɗa masa sau biyu. A lissafinta ta fita haƙƙinsa.

"Af, kafin ki tafi," in ji shi, "makullin kicin ɗin."

"Kai ka ba ni?"

"A'a, amma..."

"To in wanda ya ba ni ya nema, zan ba shi." Wanda ya ba ta ya rasu shekara goma sha tara da suka wuce. Ba ta ga dalilin cika wa yaro kai da tarihi ba.

Ranar Asabar da yamma ta je furta zunubi. Limamin da ke sauraro a ranar Fada Leo Brannigan ne, ɗan shekara tamanin da ɗaya, wanda ya koyar da ilimin mantiƙi shekara arba'in kuma har yanzu bai yafe wa duniya rashin iya shi ba. Ta durƙusa bayan labule.

"Ka sa mini albarka, Fada, na yi zunubi. Na zagi Marge sau uku, ɗaya a gabanta. Kuma na ga za a ba da naman sa a liyafar Juma'ar azumi, na ji daɗi ƙwarai."



"Naman sa," in ji Fada.

"Gasasshe. Har da romo a miya."

"Ni ne zan sa wa abincin albarka a liyafar nan, Dolores."

"Na ga sunanka a kati."

"Kin kuma san abin da na ji a nan ba zan iya faɗa wa kowa ba. Ba zan iya ɗaga waya ba. Ko gira ba zan iya ɗagawa ba."

"Na sani, Fada."

"Kin ɗaure ni kamar ragon kasuwa." Ya yi tari, irin tarin da ake yi don danne wani abu. "Kin yi nadama?"

"Kan Marge, e."

"To ga kaffararki. Ki koma ki faɗa wa yaron nan a fili, da kalmar nama da kalmar haramun a jimla ɗaya. Ba habaici, ba kewaye. In kin yi haka, ki dawo mu yi maganar daɗin da kika ji."

Kaffara kaffara ce. Ranar Litinin ta buga waya ofis. Sakatariya ta ce Mista Ellery yana taro. Dolores ta ce a rubuta: Katolika ba ya cin nama ranar Juma'ar azumi, haramun ne, a canza abincin. Ta sa aka maimaita mata. Ranar Talata amsa ta zo ta imel ɗin 'yarta. An gode mata sau biyu, an ce an lura da damuwarta game da soke kifi, an kuma tambayi girman falmaran da zai yi mata daidai.

Ranar Laraba ta haɗu da Fada Brannigan a bakin coci yana fama da sandarsa a kan ƙanƙara. Ta riƙe masa hannu.

"Fada, an ce an rufe kicin."

"Haka na ji. An rufe. Ban ji an ce an kulle ba, ban kuma ji an ce ginin coci ya koma hannun hawa na uku ba. Na gidan limamai ne tun kafin a haifi uban yaron." Ya tsaya ya huta. "Ki lura, ban ba ki izini ba."

"Ban nema ba."

"Ni na yi alwashin biyayya."

"Ni ma na yi wa Stanley, shi ma bai samu ba."

Fada ya dubi sama kamar mai neman agaji. "Kin ga kalmar da ya rataye a bango? Shekara ɗari huɗu muna ƙoƙarin bayyana wa mutane cewa ba yawa take nufi ba. Tsakanin abu biyu masu kyau, ka zaɓi wanda ya fi kyau, shi ke nan. Yanzu an buga ta a jikin kofin shayi."

Ranar Juma'a da ƙarfe ɗaya na rana Dolores ta sa makulli a ƙofar kicin, ya buɗe kamar kullum. Mata shida suka sauko bayanta, mafi ƙuruciyarsu shekararta sittin da biyu. Mai kifi na bakin tafki ya kawo kwali takwas kyauta, kamar yadda ya saba, don shi ba wanda ya rubuta masa wasiƙa. Haka ma mutanen gari. Ƙarfe huɗu na yi suka fara jeruwa a matakala da manyan rigunan sanyi: direbobin bas, ma'aikatan jinya, tsofaffin ma'aikatan ƙarfe da jikokinsu, ɗalibai masu ƙidaya canji a tafin hannu. Faranti dala goma sha biyu. Kifi uku, soyayyen dankali, kabejin Marge, burodi yanka biyu.

Ƙanshin suya ba ya bin umarnin ofis. Ya fita ta taga, ya ratsa fili, ya isa zauren Rademacher inda ake shimfiɗa fararen mayafan teburi. Ƙarfe huɗu da rabi sai ga Mista Ellery ya sauko da baƙar kwat da fure a ƙirji.

"Misis Kuzniar, wannan ba daidai ba ne. An rufe wurin nan."

"Ga shi a buɗe."

"Ina umartar ki ki kashe wutar nan."

"Matsa daga nan, mai zai fallatso maka a kwat."

"Zan kira masu gadi!"

"Ga ɗaya can," in ji Marge, tana nuni da wuƙa. Mai gadin jami'a yana zaune a teburin kusurwa, ya cire hula, bakinsa cike. Ya ɗaga wa Mista Ellery cokali cikin girmamawa, ya ci gaba da aikin da ke gabansa.

"Ranar Litinin za a canza makullin," in ji Ellery, fara'ar ta gudu. "Kuma za a cire sunanki daga jerin 'yan sa-kai."

"To sai ku daina biyana albashi," in ji Dolores. Ta juya kifi.

Da ya tafi ne ta shagala har kifi ɗaya ya ƙone a kwandon suya. Marge ta gani, ta yi kamar ba ta gani ba, wanda shi ne babban abin da ya riƙe abotarsu. Yaron zai iya canza makulli. Wannan Dolores ta sani. In liyafar ta tafi daidai, in manyan mutane suka ci namansu suka share baki, to yau ce Juma'arta ta ƙarshe, kuma ranar Litinin kicin ɗin zai zama ɗakin ajiye kujeru. Ba ta da tabbacin komai. Masu kuɗi sukan sami hanyar da doka ba ta shafe su ba, ta sha gani.

Ƙarfe shida, lokacin fara liyafar, ya wuce. Shida da kwata. Layi ya fara raguwa. Marge ta fara goge teburin yanka.

Sai aka ji takalma a matakala, irin takalman da ba su saba da matakalar ba. Fada Brannigan ne a gaba da sandarsa, mataki ɗaya-ɗaya. Bayansa wani ƙaton tsoho mai jan fuska da baƙar kwat, matarsa na riƙe da gefen doguwar rigarta kada ta share ƙasa. Bayansu wasu, bayan waɗannan wasu, har layin ya haura ya fita waje cikin sanyi. Dolores ta san ƙaton. Hollis Rademacher ne, mai shagunan sayar da motoci bakwai, wanda sunansa ke saman sabon zauren da baƙaƙen tagulla.

"Dolores Kuzniar!" ya daka. "Har yanzu kina raye?"

"Na ƙi mutuwa sai ka biya ni kuɗin motar banzan da ka sayar wa Stanley. Me ya kawo ka, Hollis? An ce kuna can kuna bunƙasa."

"Nama!" in ji Rademacher. "Suka ɗaga murfi gaba ɗaya, kamar a fim, sai ga naman sa. Zaure ya yi tsit. Matar wani alƙali ta yi alamar gicciye. Ni kuwa na ji muryar uwata a kunnena, ita da ta rasu tun ina da gashi." Ya nuna Fada da babban yatsa. "Sai aka ce wannan ya sa albarka. Kin san me ya ce?"

"Ban ce komai ba sai abin da idona ya gani a faranti," in ji Fada.

"Ya ce, Ya Ubangiji, ka albarkaci wannan kyakkyawan abinci da za mu ci gobe Asabar. Amin. Ya ɗauki sandarsa ya fita. To mu me za mu zauna yi?" Ya shaƙi iska. "A nan na ci kifi shekara huɗu ina ɗalibi, lokacin takalmina ɗaya. Zuba mini biyu, 'yar uwa."

"Layi yana can baya."

"Haba, Dolores. Ni na gina musu zaure."

"To ka je ka ci zauren. Wannan yarinyar ta riga ka."

Yarinyar ɗaliba ce mai jakar littattafai, ta so ta ba shi wuri, Dolores ta harare ta, ta fasa. Hollis Rademacher ya koma bayanta ya tsaya, yana dariya yana gunaguni, sauran ɗari da talatin da tara suka jeru bayansa bisa tsari. An dai yi musu tarbiyya tun suna yara, ko da kuɗi ya ɗan lulluɓe ta.

Mista Ellery ne ya sauko a ƙarshe. Furen ƙirjinsa ya karkace. Ya ratsa ta gefe ya zo daidai tukunyar suya, ya rage murya.

"Misis Kuzniar. Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Sau uku. Na ukun a rubuce yake wurin sakatariyarka. Ka tambaye ni girman falmaran."

Ba wawa ba ne, an dai ɗauke shi aiki ne a wurin da bai tambayi kowa komai ba. "Za ki iya ciyar da su duka? In suka tafi gida da yunwa, ni na ƙare."

Ta dubi kwalayen. Saura uku. In aka mayar da kifi uku ya zama biyu, aka ƙara kabeji, zai kai. "Ƙari kake so ke nan," in ji ta. "Me kuke ce masa a bangonku?"

"Don Allah."

Ta sa hannu a aljihun rigar girkinta ta ciro wasiƙarsa, wadda yanzu ta sha mai har ana ganin haske ta cikinta. Ta juya bayanta, ta ajiye a kan teburin Marge, ta ɗora biro. "Rubuta. Kicin a buɗe yake, makulli yana hannun Dolores Kuzniar, kifi kowace Juma'ar azumi."

"Ba ni da ikon yin alkawari na har abada. Sai kwamiti ya zauna."

"To su ma waɗannan sai kwamiti ya zauna." Ta miƙa hannu wajen makunnin gas.

"Har zuwa Ista," in ji shi da sauri. "Iyakar abin da zan iya ke nan, wallahi. Har zuwa Ista."

"Rubuta haka. Sa hannu."

Ya rubuta, ya sa hannu. Marge ta zaro koren falmaran daga ƙarƙashin teburi, wanda aka aiko mata ranar Alhamis, ta miƙa masa. "Ungo, ɗana. Muna buƙatar mai kwashe faranti. Ni bai shige ni ba." Ya karɓa. Ya ɗan tsaya yana kallonsa, sannan ya cire kwat ya sa.

Dolores ta zuba sabon kifi a mai. Fada Brannigan, wanda shekarunsa suka ba shi kujera kusa da murhu ba tare da layi ba, ya jawo takardar ya sa tabarau. Ya karanta sau ɗaya, ya sake karantawa a hankali, kamar yadda yake duba jarrabawar ɗalibin da yake zargi.

"Har zuwa Ista," in ji shi. "Dolores, bai sa shekara ba. Kowace shekara kuwa da tata Istar."

"Na gani, Fada. Shekara talatin da ɗaya ina ciyar da 'yan Jesuit, ai na koyi karatu." Ta karɓe takardar, ta ninke, ta mayar aljihun da makulli yake.

"Gobe Asabar ina jiran ki bayan labule. Muna da sauran magana kan daɗin nan da kike ji."

"Ka tanadi lokaci, ya ƙaru." Ta ɗaga kwando, mai ya tsiyaye. "Na gaba! Hollis, dala goma sha biyu, kuma kar ka miƙo mini katin banki, ba mu da na'ura."